Sai An Karɓe Ni

Litinin, 1 ga Satumba

An buɗe ɗaukar sababbin 'yan sanda, na nema. Bana ce damata ta ƙarshe, domin baɗi war haka shekaruna sun haura waɗanda suke ɗauka. A shagon masu kwamfuta aka cike mini komai. Da aka zo wurin tambayar ko an taɓa kama ni, mai shagon ya kai hannu zai danna "a'a" ko dubana bai yi ba. Na ce ya danna "e". Ya juyo ya kalle ni kamar na ce ya zuba wa kwamfutarsa ruwa. Wai kowa "a'a" yake cewa. Na ce ai ba kowa aka dangwala wa yatsu a tawada ba.

Maiɗakina ta ce Allah ya sa a dace. Ta ce wataƙila in na zama ɗan sanda zan daina halin nan na tsohon soja, na gyara gado tana kwance a kai.

Laraba, 3 ga Satumba

Aiki yana nan yadda yake. Ƙofar asibiti, kujerar roba mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya, tocila, da makullai a zobe. Asibitin ƙarami ne, na wani likita, gadajensa ba su da yawa, amma akwai ɗakin magani a baya, kuma saboda shi ake biyan mu. Mu biyu ne masu gadi. Ni nake kwana, abokin aikina ya karɓe ni da safe. Ga-ni-nan muke kiran sa, saboda duk lokacin da ka buga masa waya abin da zai ce ke nan, ko da yana banɗaki a gidansu. Ba mugu ba ne. Shi da agogo ne kawai ba su haɗa dangi ba.

Yau ma sai da rana ta hau katanga ya iso, yana dariya, da burodi a hannu. Na miƙa masa makullai, na gaya masa abin da ya faru cikin dare, wato babu komai. Kofur ake kira na a nan, muƙamin da na bar soja da shi. Ya ce, "Kofur, kullum sai ka ba ni rahoton babu komai?" Na ce babu komai ɗin ma rahoto ne.

Asabar, 6 ga Satumba

Sista, babbar nas ɗin da muke kwana aiki tare, ta tambaye ni wai me na yi aka kama ni, don ta ji Ga-ni-nan yana yi mini tsiya. Na ba ta labari, ta yi dariya har ta dafa bango.

Ba wani abu ba ne. Bayan na kammala wa'adina na soja an sallame ni lafiya, ban fi wata biyu a gida ba, maiɗakina ta tattara duk wandunana ta jiƙa. Na zura tsohon wandon kaki na fita sayo gas. Ashe ranar ana kamen masu sa kayan soja suna tare mutane a hanya. Aka ce in nuna katin shaida, ni kuwa na mayar da shi ranar sallama. Na ce ni soja ne, suka ce kowa a cikin motar nan haka ya ce. Na kwana a caji ofis, aka ɗauki hoton yatsuna, aka rubuta ana zargina da sojan gona. Washegari maiɗakina ta kawo takardar sallamata aka sake ni, har da ba ni haƙuri. Haƙurin ya tsaya a bakin ƙofa, yatsun kuwa suka shiga kwamfuta.

Shekara tara ina daji da bindiga, ban zama sojan gona ba sai a kasuwar bayan gidanmu, da tukunyar gas a kafaɗa.

Talata, 16 ga Satumba

Sun kira ni gwajin jiki. Ranar Alhamis, a makarantar horar da 'yan sanda da ke babban gari.

Alhamis, 18 ga Satumba

Tafiyar da nisa, kusan awa uku a mota in hanya ta yi kyau. An auna tsawo, an auna ƙirji, an duba haƙora da tafin ƙafa kamar za a saye mu. Sannan gudu. Yaran da ke kusa da ni suka fita da ƙarfi kamar an sako musu kare, kafin rabin fili sun fara riƙe ciki. Ni na tafi da gudun da aka koya mini, wanda ba ya burge kowa amma yana kai mutum. Na shigo cikin na gaba-gaba.

Wani mai horarwa ya tsaya a gabana ya ce, "Kai, wa ya koya maka tsayuwa?" Na gaya masa. Ya ce, "To sassauta kafaɗa, nan ba bariki ba ne." Na sassauta. Ya ce, "Wannan ce sassautawar?"

Na dawo da ciwon cinya, na wuce aiki kai tsaye.

Lahadi, 28 ga Satumba

Karatun jarrabawa. Lissafi ya manta da ni, ni ma na manta da shi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na ci jarrabawar rubutu. Maiɗakina ta gaya wa duk gidan haya kafin in cire takalmi. Na ce ta bari tukuna, saura ganawa da kwamiti. Ta ce ita dai ta gaji da wankin baƙar rigar gadi mai zuba, ta fi son ta wanke ta gwamnati.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwamiti, a makarantar nan ta babban gari. Mutum uku a bayan dogon tebur, fanka tana juyi a sama tana ɗaga musu takardu, kowa ya danne nasa da waya. Ta tsakiyar mace ce, babbar jami'a, da gilashi a kan hanci. Ita ta yi maganar.

Na zaci za a yi ta jan zancen kamun. Ta karanta, ta ɗago ta ce, "Wando?" Na ce, "Wando, ranki ya daɗe." Na gefenta ya rufe baki da hannu. Ta ce ta ji daɗi da ban ɓoye ba, domin da na ce a'a kwamfuta ta ce e, da tuni ina hanyar gida. Ta ce kamu ba hukunci ba ne, amma ba za su iya ɗaukar mutum da zargi a buɗe ba. In je caji ofis ɗin da aka tsare ni in karɓo takardar da ke nuna an rufe maganar ba a kai ni kotu ba. In kawo da hannuna ranar Alhamis, talatin ga wata, kafin sha biyun rana. A ranar za su sa hannu a kan sunaye su aika hedikwata, daga nan ba a ƙara kowa.

Ta ce, "Mako biyu ya ishe ka?" Na ce ya isa. Ban san me ya sa na faɗa da ƙarfi haka ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na je caji ofis. Ɗakin da na kwana yana nan, warinsa ma yana nan. An tura ni ofishin ajiyar fayil, wani ɗaki a lungu, fayiloli a ɗaɗɗaure da igiya har kusa da rufi, ga wani tsohon keke a jingine da takarda manne a sirdinsa. Kujerar mai ofishin babu kowa. Na zauna a benci har aka tashi aiki. Wai Saje, mai ofishin, ya je gaisuwar rasuwa.

Abin da ya ba ni mamaki, ƙofar a buɗe ya bar ta. Ko akuya za ta iya shiga ta cinye shari'ar mutum.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na ga Saje. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko a numfashi. Ya ce wace shekara, na faɗa. Ya dubi tulin fayilolin, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, ka dawo jibi."

Laraba, 22 ga Oktoba

Jibin ta zo, Saje bai zo ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na ce masa in ya yarda ni zan nema da kaina. Ya ce doka ba ta yarda ba, sannan ya tashi ya ce zai je shan shayi, kuma shi idonsa ba ya ganin abin da ke bayansa. Na tuɓe riga na hau kan kujera. Na sha ƙura har tari ya kama ni, amma na samo. Siririn fayil ne, takarda uku kacal, ɗaya ma a juye take. An rubuta sunana ba daidai ba, an gyara da biro.

Saje ya dawo ya ce madalla. Saura a buga takardar, mai babban ofis ya sa hannu. Mai babban ofis kuwa ya tafi taro, sai mako mai zuwa.

Barci ya yi mini ƙaranci. Ina tashi daga gadi in wuce caji ofis, in dawo in ɗan kishingiɗa, in koma gadi. Maiɗakina ta ce idona ya faɗa.

Talata, 28 ga Oktoba

Bai dawo ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ya dawo, ya sa hannu dab da tashi. Layi huɗu ne duka takardar, da hatimi. Na sa ta a leda, na sa ledar a cikin riga.

Na je wurin Manajan asibitin na roƙi hutun daren yau. Ya ce ba wanda zai kwana, mu biyu ne, Ga-ni-nan kuma tun safe yake tsaye. Gaskiyarsa ce. Muka shirya cewa zan kwana, Ga-ni-nan ya zo da sassafe ya karɓe ni in kama motar farko. A gaban Manaja ya dafa ƙirji ya ce, "Kofur, kafin zakara ya yi cara ka gan ni." Maiɗakina ta goge mini farar riga ta kawo har bakin ƙofa. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, in tafi da komai nawa wurin aiki kada in ce sai na biyo gida.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Gari ya waye ina sanye da farar riga, takalmi a goge, jaka a gefen kujera. Na kira Ga-ni-nan, ya ce ga shi nan. Motar farko ta wuce ta gaban asibiti, ina ganin kwandasta yana dukan ƙofa yana kiran fasinja. Na sake kira, ya ce ga shi nan, yana kan hanya. Na uku wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Manaja, a kashe.

Sista ta fito da jakarta za ta tafi gida, ta gan ni. Ta ce, "Kofur, ba yau ce ranar ba?" Na ce ita ce. Ta ce, "To me kake yi a nan?" Na ce ba a karɓe ni ba. Ta ajiye jaka ta miƙo hannu ta ce, "Kawo makullan. Zan zauna har ya zo. Jeka." Na ce ba ta cikin masu gadi. Ta ce, "Ni ce nake riƙe da makullin ɗakin maganin da kake gadi, shekara nawa. Ƙofar waje ce za ta gagare ni?" Na ce ba maganar gagara ba ce, mai gadi ba ya barin wurinsa sai mai gadi ya karɓe shi.

Har da mai shara da mai sayar da shayi na tsallaken titi suka sa baki. Mai shayi ya ce shi daga inda yake yana ganin ƙofar fiye da ni, in tafi, ko ƙuda ba zai shiga ba. Ina jin su duka. Na san gaskiya suke faɗa. Na ma ɗauki jaka sau ɗaya, na kai bakin titi, makullan suna hannuna, na juyo in miƙa wa Sista, sai hannun ya ƙi. Ba tunani na yi ba. A wurin horo akwai wani malaminmu da yake cewa ko gawa ce a wurin tsaro sai an karɓe ta kafin ta kwanta. Mun yi dariya a lokacin. Daga baya aka kai mu inda ba a dariya, inda in mutum ɗaya ya matsa daga wurinsa sauran da ke barci ne za su biya. Na san asibitin nan ba can ba ne. Ƙafafuna ne ba su sani ba.

Sista ta ce, "Wallahi kai dai hali zanen dutse." Ba ta tafi gida ba. Ta zauna a benci tana ta kiran Ga-ni-nan da wayarta tana zagin sa a saƙo.

Ya iso rana ta yi sama sosai, yana tura babur, taya a sace. Ya fara bayani, na miƙa masa makullai, na ce babu komai cikin dare, na wuce. Sai da na shiga mota na tuna har rahoto na tsaya na ba shi.

Motar ta jira cika. A hanya muka tarar da babbar mota ta faɗi ta tare rabin titi. Na isa makarantar bayan azahar. Ɗakin kwamitin a buɗe, an jingina kujeru a kan tebur, wani yana shara. A bakin ƙofar shiga na ga mai horarwar nan da ya ce in sassauta kafaɗa. Ya gane ni. Ya ce shugabar kwamitin ta kira sunana sau biyu, har ta sa aka duba waje, ta kuma ɗan jinkirta rufe fayil. Ya tambaye ni me ya tsare ni, na gaya masa. Ya ce, "Da a ce yaranmu haka suke." Ya ce amma sunaye sun tafi.

Na nuna masa takardar duk da haka. Ya karanta, ya ce ta yi kyau.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Maiɗakina ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baban yara, ƙofar nan guduwa za ta yi?" Na ce a'a. Ta ce, "Sista ɓarauniya ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To shi ke nan, ina so in sani ne kawai." Ta ɗauki farar rigar ta jiƙa.

Na ji kunya ƙwarai. Shekara biyu ina ɗora wa wando laifi, ina cewa shi zai hana ni aikin nan, ga shi wandon an wanke shi tas da hatimi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ga-ni-nan ya zo gida da ƙaninsa ba da haƙuri. Har ƙasa ya durƙusa, idonsa ya yi ja. Wai ya makara, ya fito a guje, taya ta fashe, waya ta mutu. Na ce ya wuce. Da zai tafi ya ce, "Amma Kofur, don Allah, me ya hana ka ba Sista makulli? Ni kullum in zan je cin abinci mai shara nake ba, ko ita in tana nan." Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya yake da gaske.

Ashe da rana ƙofar tawa a hannun mai shara take wuni.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na koma makarantar ko za a karɓi ƙorafi. An karɓa, an ce za a duba. Yadda aka ce za a duba ɗin na san irin sa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Sunaye sun fito. Mai shagon kwamfuta ya duba mini sama da ƙasa, babu nawa. Ya ce, "Ka gani, da ka bari na danna a'a." Ban tsaya yi masa bayani ba. Ta leƙo ta koma, shi ke nan.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Manaja ya ce ya ji labari. Ya ce mutum irina ba a samun sa, zai gaya wa likita a saya mini sabuwar kujera.

Talata, 25 ga Nuwamba

Lokacin tashi ya yi, Ga-ni-nan bai zo ba. Na kira, ya ce ga shi nan. Na ɗan zauna. Sista ta fito shan iska, yau sai tsakar rana take tashi. Na miƙa mata makullan na ce in ya zo ta ba shi. Ta karɓa ta jefa a aljihun rigarta kamar kuɗin mota.

Ba inda zan je ma. Ba kwamiti, ba Saje. Na tsallaka titi, mai shayi ya bi ni da ido. Wajen kwanar gidan mai na ji gabana yana faɗuwa kamar na bar yaro a kasuwa, na tsaya na waiwaya. Ana shiga ana fita, wata mata da goyo ta tura ƙofar da kanta ta wuce. Na ci gaba da tafiya.

Na tarar da yara ba su tafi makaranta ba tukuna, rabon da in gan su da kayan makaranta da safe har na manta. Maiɗakina tana ɗaura wa ƙaramar takalmi, ta ɗago ta dubi agogo, ta dube ni. Ta ce, "Yau ya zo da wuri?" Na ce bai zo ba. Ta ce, "Wa ya karɓe ka?" Na ce babu.

Ta gama ɗaurin takalmin, ta tashi ta ƙara ruwa a butar shayi.

Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai ta yi mini yawa. Na ajiye waya kusa da matashi ko za a kira a ce wani abu ya faru. Na yi barci har la'asar, ba wanda ya kira.